Suna Biyu a Kan Labari Ɗaya: Yadda Ni da Maigidana Muka Kai Rubutun Fim Ɗinmu Hannun Furodusa

Mun yi shekara shida da aure kafin mu zauna mu rubuta fim tare. Shi ya daɗe yana rubuta wasan kwaikwayo na rediyo, ni kuma gajerun labarai nake yi ina tarawa a kwamfuta, babu mai karanta su sai shi. Da muka yanke shawarar haɗa hannu, duk tunanina yana kan labarin ne: wane ne jarumi, ina za a fara, yaya za a ƙare. Ban taɓa kawowa a raina cewa akwai ranar da za a miƙo mana takardar cinikin labarin da na kwana ina rubutawa, in duba sama da ƙasa in rasa sunana a ciki ba. Tun da abin ya faru mutum uku suka tambaye ni yadda muka yi, biyu daga cikinsu ma'aurata ne irinmu, shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya, daki-daki yadda ya zo mana.

Makonni ukun farko asararsu muka yi. Mun ɗauka rubutu tare yana nufin kujera biyu a gaban kwamfuta ɗaya, ɗaya yana faɗa ɗaya yana bugawa. Wanda ke riƙe da madannai shi ne sarki, domin duk jimlar da ba ta kwanta masa ba sai ya gyara ta kafin ta sauka a shafi, wanda ke gefe kuwa sai dai ya yi ta cika yana batsewa. A mako uku shafi bakwai muka samu, kuma babu wanda yake son su a cikinmu. Maigidan ne ya kawo maganar Frances Goodrich da Albert Hackett, mata da mijin da suka yi aure a 1931 suka shafe shekaru suna rubuta finafinai a Hollywood, har suka ci kyautar Pulitzer a 1956 da wasan dandamalin da suka rubuta a kan Anne Frank. Su a ɗaki ɗaya suke aiki, amma kowa da teburinsa. Kowa ya rubuta fitowa iri ɗaya shi kaɗai, sannan su yi musayar takardu, kowa ya caccaki na ɗan'uwansa. Muka ce bari mu gwada. Kafin nan sai da muka tsayar da ƙashin bayan labarin: jimla ɗaya da ta faɗi abin da fim ɗin ya ƙunsa, sai taƙaitaccen bayani na shafi biyu, sai ƙananan katuna da muka manna a bango, kowane kati fitowa guda. Katuna 58 ne. Labarin wani direban jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, 'yarsa ta dawo gida bayan shekaru ba sa ga maciji da juna.

Shi rubutun fim yana da tsarin da ba a wasa da shi. Ana buga shi da harafin Courier mai girman 12, kowace fitowa tana farawa da layin da zai nuna ciki ne ko waje, a ina ne, dare ne ko rana. Dalili shi ne a wannan tsarin shafi ɗaya yana cin kusan minti ɗaya a allo, don haka furodusa yana ɗaga rubutu ya ji nauyinsa ya san tsawon fim ɗin, kuma ya fara lissafin kuɗinsa. Abin da aka saba gani shafi 90 zuwa 120 ne. Namu daftarin farko 134 ya kai. Akwai manhajojin da ke tsara shafin da kansu, irin su Final Draft da Celtx, mu dai WriterDuet muka koma saboda mutum biyu suna iya buɗe rubutu ɗaya a lokaci guda kowa daga na'urarsa. Ba mu koma can ba sai da muka ƙone: kafin nan fayil muke tura wa juna, wannan sunansa "na ƙarshe", wancan "na ƙarshe gyararre", har ranar da na kwana ina gyara tsohon kwafi, aikin kwana huɗu na maigidan ba ya ciki.

Faɗan da ya fi kowanne zafi a kan kati na 41 aka yi shi. A nan ne 'yar take buɗe akwatin kayan aikin uban ta tarar da wasiƙun da ta riƙa aiko masa, duk yana ajiye da su, ko ɗaya bai buɗe ba. Maigidan ya rubuta shafi uku na magana, uba yana bayani 'ya tana kuka, magana mai daɗi irin ta mutumin da ya saba da rediyo, inda in ba a faɗa ba ba a gani ba. Ni rabin shafi na rubuta, babu kalma ko ɗaya: ta ƙirga wasiƙun, ta mayar da su yadda ta same su, ta rufe akwatin, ta je ta zauna kusa da shi. Ya karanta nawa ya ajiye ya ce, "Malama, wannan ai ba rubutu ba ne, hutu kika ba kanki." Na ce, "Malam, naka kuma mai kallo zai iya rufe ido ya gama fitowar bai rasa komai ba." Kwana biyu ba mu koma kan teburin ba. A rana ta uku na buɗe kwamfuta na tarar ya saka nawa a gurbin, ya ƙara layi ɗaya tak a bakin uban, kuma layin nan ya fi duk abin da na rubuta a fim ɗin kyau. Daga nan muka kafa doka cewa in an yi saɓani a kan fitowa, kowa ya kwana da na ɗan'uwansa kafin a sake magana, kuma maganar aiki ba ta bin mu ɗakin kwana. Doka ta biyun mun karya ta ya fi a ƙirga. Wata goma sha ɗaya muka yi kafin mu samu daftari na huɗu mai shafi 104 wanda ba mu jin kunyar nuna shi.

Daga nan ruɗani ya fara, domin kowa da abin da yake faɗa mana a kan kare labari daga ɓarayi. Wani abokin maigidan ya rantse cewa in ka sa rubutu a ambulan ka aika wa kanka ta gidan waya ka ajiye ba ka buɗe ba, shi ke nan ka gama. Wani ya ce in ba ka yi rajista ba, duk wanda ya ɗauka ya ci bulus. Dukansu biyu ba daidai suke ba. A ƙarƙashin yarjejeniyar Berne, wadda aka ƙulla tun 1886 kuma ƙasashe sama da 170 suka sa mata hannu, haƙƙin mallaka yana tabbata ne tun lokacin da ka rubuta abin, ba sai ka je wani ofishi ba. Amfanin rajista shi ne hujja: takardar da za ta nuna wane ne ya rubuta, kuma yaushe. Sannan abin da doka take karewa rubutun ne kansa. Tunanin da ke bayansa ba shi da kariya, sunan fim ma haka. In wani ya tashi gobe ya rubuta nasa labarin tsohon direba da 'yarsa da kalmominsa da fitowarsa, ba mu da bakin magana. Tun da burinmu shi ne rubutun ya je hannun kamfanonin da ke hulɗa da masu rarraba finafinai na ƙasashe daban-daban, sai muka duba wurare biyu a Amurka da ke karɓar rajista ta intanet daga ko'ina. Na farko rumbun ajiyar Ƙungiyar Marubutan Amurka, WGA, reshenta na yamma da ke Los Angeles. Ba sai kana ɗan ƙungiya ba, kuɗinsa ya fi sauƙi, kuma nan take ake ba ka lamba. Sai dai shekara biyar yake yi sai an sabunta, kuma iyakar aikinsa ya shaida cewa ranar kaza ka ajiye rubutu kaza. Na biyu shi ne Ofishin Haƙƙin Mallaka na Amurka, wanda ke ƙarƙashin ɗakin karatu na majalisar dokokinsu a Washington, kuma takardarsa ce lauyoyin fim suka fi nema. Shi muka zaɓa.

A nan na kusa tafka kuskure da hannuna. Daren wata Lahadi na buɗe shafinsu na yi rajistar suna, na ga hanya biyu: ɗaya dala 45, ɗaya dala 65. Ba tare da na karanta bayanin da ke gabana ba na danna mai arahar, na cike sunana, ina cewa a raina in an zo wurin ƙara marubuci na biyu sai in saka nasa. Na yi ta gangarawa ban ga wurin ba. Maigidan da ke tsaye a bayana ya sa yatsa a kan allon ya ce, "Tsaya, karanta nan." An rubuta ƙarara cewa wannan fom na aiki ɗaya ne da mutum ɗaya ya rubuta kuma shi kaɗai ya mallaka. Duk rubutun da mutum biyu suka yi, ko da mata da miji ne, fom ɗin da suke kira Standard Application ake cikewa, mai dala 65 a lokacin. Wanda ya shigar da aikin mutum biyu ta hanyar mutum ɗaya, za a ƙi karɓa, kuɗin ba ya dawowa, sai ya sake sabo ya sake biya. Ko kuma abin da ya fi wannan muni ya faru, takarda ta fito da suna ɗaya a matsayin marubuci, ta zama shaidar abin da ba gaskiya ba. Muka koma baya. Rukunin da rubutun fim yake shiga shi ne na ayyukan da ake wasan su, Work of the Performing Arts. Muka saka sunayenmu biyu a gurbin marubuta, muka sake saka su biyu a gurbin masu mallaka, don gurabe ne daban kuma mutane suna manta na biyun. Muka nuna cewa ba a wallafa shi ba, muka biya da katin banki, muka loda rubutun a PDF. Duka bai kai awa ɗaya ba. Takardar shaidar ta ɗauki kusan wata uku kafin ta iso ta gidan waya, lambarta tana farawa da PAu, alamar aikin da ba a wallafa ba. Jiran bai dame mu ba da muka gane cewa ranar da rajista take fara aiki ita ce ranar da fom da kuɗi da rubutun suka shiga hannunsu, ba ranar da takarda ta fito ba. Don haka washegari muka fara aikawa.

Watanni takwas da suka biyo baya ba su da wani labari. Mun aika wa kamfanoni da furodusoshi 23 gajeriyar wasiƙa mai ɗauke da jimlar nan guda, don yawancinsu ba sa buɗe rubutun da ba su nema ba, suna tsoron a zo daga baya a ce sun saci labari. Biyar suka amsa, uku suka ce mu turo, kuma kowannensu sai da ya turo takardar da za mu sa hannu cewa mun san mai yiwuwa suna da labari mai kama da namu. Biyu suka yi shiru har yau. Na ukun ya kira.

Ranar ganawar na fi maigidan shiri, domin ni na haddace lambar kowace fitowa. Furodusan mutum ne mai fara'a, ya karanta rubutun da gaske, har ya ɗauko fitowar akwatin wasiƙu ya ce ita ta sa ya kira. Sannan ya juya ga maigidan ya ce, "Ranka ya daɗe, yadda ka yi shiru a wannan wurin, nan na san marubuci ne ya rubuta." Maigidan ya nuna ni ya ce ai aikina ne. Mutumin ya yi murmushi ya ce, "Madalla da Hajiya, ai kowane marubuci yana buƙatar mai taya shi a gida." Minti arba'in muka yi, duk tambayar da ya yi maigidan yake kallo, ko da ni ce na amsa ta baya. Ban ce komai ba, na ce a raina ba girmamawa na zo nema ba, ciniki na zo yi.

Bayan kwana goma takardar yarjejeniya ta iso, shafi tara. A shafin farko an rubuta sunan maigidan, a gabansa "Marubuci". A shafin ƙarshe layin sa hannu biyu ne, na kamfani da nasa. Na karanta ta sau biyu ina neman sunana ko a cikin ƙananan rubutu. Abin da ya fi takardar ƙona min rai shi ne abin da maigidan ya faɗa, kuma da zuciya ɗaya ya faɗe shi: "To ai duk ɗaya ne, Malama. Kuɗin gidan nan za su shigo. In muka fara ja-in-ja tun yanzu kada ya fasa." Na san tsoro ne ke magana, wata takwas muna jiran wannan kiran. Na tashi na ɗauko takardar shaidar rajista na ajiye kusa da yarjejeniyar, ɗaya suna biyu, ɗaya suna guda. Na ce, "Malam, ko don ni ba za ka yi ba, duba nan. Kana shirin sa hannu cewa kai kaɗai ka mallaki abin da wannan takardar ta ce namu ne mu biyu." Ya daɗe yana kallon su. Da safe shi da kansa ya nemo lambar wata lauya da ke aikin haƙƙin mallaka.

Awa biyu muka yi a ofishinta, kuma kuɗin awa biyun nan su ne mafi amfani a duk abin da muka kashe. Ta fara da cewa kuskuren zai fi cutar da furodusan kansa. Duk fim ɗin da za a sayar wa masu rarrabawa sai an gabatar da abin da zan kira silsilar mallaka, wato jerin takardun da ke nuna yadda haƙƙi ya taso daga marubuci ya bi hannu-hannu har ya iso ga kamfani, ba tare da an tsallake kowa ba. In marubuta biyu ne, ɗaya kawai ya sa hannu, silsilar ta tsinke tun daga zoben farko. Ta ce a dokar Amurka, wadda yarjejeniyar ta ambata, mutum biyu da suka rubuta abu da niyyar ya zama guda kowannensu yana da haƙƙi a kan dukkansa, ba wai shafi 52 nawa 52 nasa ba, kuma ba a miƙa wa wani haƙƙin kacokan sai dukansu sun sa hannu a rubuce. Sannan ta tambaye mu ko muna da yarjejeniya tsakaninmu. Maigidan ya yi dariya ya ce, "Barista, ai matata ce." Ba ta yi dariya ba. Ta jawo takarda ta fara jero tambayoyi tana rubuta amsa. Kaso nawa-nawa? Rabi da rabi. Sunan wa ke gaba? Muka kalli juna, ba mu taɓa zancen ba. In aka kawo tayi ɗaya yana so ɗaya ba ya so, wa ke yanke hukunci? In ɗaya ya gaji ya ajiye aikin a tsakiya, ɗayan zai iya ƙarasawa, kuma da wane kaso? Sai ta ɗago kai ta ce, "In aure ya mutu fa? In ɗayanku ya rasu fa?"

Ɗakin ya yi tsit, har ina jin ƙarar agogon bango. Maigidan ya sunkuyar da kai yana juya hularsa a gwiwa, ni kuma na ji kamar an ambaci abin da ambatonsa kawai zai iya jawo shi. Ta bar mu muka yi shirun, sannan ta ce haƙƙin mallaka dukiya ce da ake gada, kuma a Amurka aikin haɗin gwiwa yana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar wanda ya yi saura a cikin marubutan. Ke nan wata rana wanda zai zauna a kujerar ɗayanmu ba mu ba ne, magada ne, waɗanda ba su san kati na 41 ba balle yadda aka sasanta a kansa. Da haka ta samu kanmu. Muka rubuta cewa rabon rabi da rabi yana nan ko da aure ko babu, cewa babu mai sayarwa ko gyara labarin ba da sa hannun ɗayan ba, cewa in ɗaya ya rasu kasonsa na kuɗi ya tafi ga magadansa amma yanke shawara a kan labarin ya tsaya a hannun wanda ke raye. Maganar suna kuwa muka ce wannan fim nawa ne a gaba, na gaba nasa, a riƙa juyawa. Shafi biyu ce takardar. A mota muna komawa babu wanda ya yi magana sai da muka yi nisa, ya ce, "Allah kada ya nuna mana ranar amfaninta." Na ce amin.

Ita yarjejeniyar furodusan ba sayen labarin ba ce kai tsaye, kamu ne. Yana biyan kafin alƙalami ya riƙe labarin na wani lokaci, ba mu da ikon kai shi wani wuri, shi kuma yana neman kuɗin yin fim. In ya samu ya biya cikakken farashin da aka rubuta tun farko, in bai samu ba labari ya dawo mana, kafin alƙalamin kuma ya zama namu. Namu wata 18 ne, da damar ƙara wata 12 in ya sake biya. Lauyar ta ja layi a wuri huɗu. Ta sa sunayenmu biyu da layin sa hannu biyu. Ta sa a raba kowane biya gida biyu a tura asusun kowa, abin da maigidan ya ga kamar ɓata lokaci ne, ita kuma ta ce shaidar biya ita ma hujja ce ta wanda ya yi aiki. Ta ƙayyade gyaran da za mu yi, babba biyu da ƙarami ɗaya, kowanne da kuɗinsa da wa'adinsa, domin a daftarinsu an rubuta "gyare-gyaren da ake buƙata" kawai, rijiya ce marar ƙasa. Na huɗun shi ne wanda da ba mu taɓa ganowa ba: gyaran da furodusa ya biya aka yi masa, nasa ne, ko da wa'adi ya ƙare asalin labarin ya dawo hannunmu. Sai ka wayi gari tsohon daftari naka, sabon da ya fi kyau na wani. Ta sa sharaɗin cewa in labarin ya dawo, muna da damar fansar gyaran ta hanyar mayar da abin da aka biya mu a kansa, idan wani ya saya. Furodusan bai fasa ba. Mako uku aka yi ana kai da komo ta imel, lauyansa ma cewa ya yi gara da aka gano maganar sunan tun yanzu.

Wani abu da ya kamata ma'aurata su sani kafin su yi murna: mutum biyu ba sa cin kuɗin mutum biyu. A tsarin WGA ma, marubuta biyu da ke aiki a matsayin tawaga kuɗin marubuci ɗaya suke rabawa. Ga abokai biyu wannan rabin albashi ne kowa ya kai gidansa. Ga mata da miji kuwa ma'anarsa gida ɗaya ya zuba lokacin mutum biyu a kan kuɗin mutum guda, kuma in aikin ya tsaya, ya tsaya wa kowa a rana ɗaya. Shi ya sa har yau maigidan bai bar rediyo ba.

Gyaran ya ci wata bakwai. Bayanan furodusa na farko shafi shida ne, wasu masu hankali, wasu kuwa sai ka yi ta istigfari, kamar shawarar a mayar da 'yar ta zama ɗa namiji don a samu wani jarumi da ake ji da shi. A nan zama biyu ya yi mana rana. Kafin kowace ganawa muna tsayar da abu uku da za mu bayar da abu ɗaya da ba za mu bayar ba, kuma ba ma saɓa wa juna a gaban kowa, ko da ɗaya ya faɗi abin da ɗayan bai so ba, sai an fito. Mun lura mutane suna gwada mu, a kira maigidan shi kaɗai a waya a ce ai ga ɗan ƙaramin canji, ya amince kawai. Amsarsa ta zama guda: a turo a rubuce ga mu biyu. Duk lokacin da na fara ƙorafin daɗewa yakan tuna min da Joan Didion da mijinta John Gregory Dunne, waɗanda suka yi shekara takwas suna gyaran rubutun fim ɗaya kafin ya fito a 1996. Ba ya sanyaya min rai, amma yana sa in yi shiru.

Da darakta ya shigo sai ya zo da nasa marubucin, ya ce zai ɗan taɓa maganganun. Hankalina ya tashi, na kira lauyar, ta ce in buɗe shafi na shida. Ashe ta riga ta toshe wannan ƙofar. A Hollywood akwai bambanci tsakanin alamar & da kalmar "and" a jerin sunayen marubuta. Alamar & tana nufin mutanen tawaga ɗaya ce, tare suka rubuta. Kalmar "and" tana nufin kowa daban ya yi nasa, galibi wani bayan wani. A fim ɗin Jurassic World na 2015, Rick Jaffa da matarsa Amanda Silver an haɗa su da &, Colin Trevorrow da Derek Connolly su ma da &, sannan aka raba tawagogin biyu da "and", kuma sai da WGA ta yi zaman sasanci kafin a tsayar da sunayen. To amma wannan kariyar ta finafinan da ke ƙarƙashin ƙungiyar ce. Namu ba ya ciki, babu wani kwamiti da zai zauna dominmu, abin da aka rubuta a yarjejeniya shi ne kawai. Tamu ta ce sunayenmu za su fito tare a allo ɗaya da & a tsakani, asalin labari namu ne mu kaɗai, kuma duk wanda aka ƙara a rubutun zai zo a bayanmu.

Da za a mayar da ni farko, takardar shafi biyun nan zan fara rubutawa tun ranar da muka manna katin farko a bango, lokacin da babu kuɗi babu furodusa, babu abin da za a yi rowa a kansa. Mun yi ta ne a makare, da tayi a kan tebur da ɓacin rai a zuciya, ba a fafe gora ranar tafiya. Zan kuma riƙa ajiye kowane daftari da kwanan wata tun daga na farko, da katunan bangon, don su ne ke nuna yadda labarin ya girma a hannunmu. Kuma ba zan sake yin shiru a ganawar farko ba. Shirun da na yi ranar da aka kira ni mai taya marubuci shi ya haifi takardar nan mai suna ɗaya, domin mutumin abin da ya gani a ɗakin ya rubuta. Yanzu duk inda muka shiga maigidan ne ke fara cewa mu biyu muka rubuta, ni kuma ni ke amsa tambayar farko, ko wa aka kalla.

Wa'adin wata 18 ya cika, furodusan ya biya ya ƙara 12, a wata na biyar na ƙarin ya biya cikakken kuɗin, rabi a asusuna rabi a nasa. An gama ɗauka, suna kan tacewa. Makon jiya mai haɗa hoton ya turo mana samfurin allon sunaye mu duba. Sunana a sama, nasa a ƙasa, a tsakani an rubuta "and". Ina cikin neman shafi na shida a wayata na ji maigidan yana buga amsa daga ɗaya teburin, yana karantawa a fili: "Salamu alaikum. Don Allah a duba sakin layi na uku." Sun gyara kafin magariba. A bangon kuma yanzu katuna 19 ne na labari na biyu, wanda sunansa zai zo a gaba, kuma tun shekaranjiya muke ja a kan na 12.